RA'AYI: Kafin a tura Fada ƙasar waje, a tambaye shi abin da ya tanadar wa matasa

A garin Gwagwalada, tafiyar kimanin sa'a guda daga tsakiyar Abuja, akwai wata makaranta da ba kowane mai wucewa ne ya san abin da ake yi a cikinta ba. Makarantar horar da limaman Cocin Katolika ce, mallakar Ƙungiyar Mishan ta Waliyyi Bulus, wadda aka fi sani da MSP. Saurayin da ya shiga cikinta ya amince tun ranar farko cewa idan aka naɗa shi Fada, ana iya tura shi ko'ina a bayan ƙasa, kuma ba shi ne zai zaɓi wurin ba. A yau waɗanda suka fito daga wannan makaranta suna aiki a Cadi da Kamaru da Laberiya da Malawi da Sudan ta Kudu, suna kuma aiki a Amurka da Ingila da Ailan. Bayan su akwai wasu limaman masu yawa da bishop-bishop na Najeriya ke bayar da aronsu ga coci-cocin Turai da Amurka. Wannan fita ta 'ya'yanmu ta kai matsayin da ya kamata a zauna a yi mata duba na tsanaki, domin akwai abin alfahari a cikinta, akwai kuma abin da ke buƙatar gyara tun da sauran lokaci.

Wanda ya san tarihi zai ga yadda ruwan ya juya. A shekarar 1856 wani bishop Bafaranshe mai suna Melchior de Marion Brésillac ya kafa ƙungiyar SMA a birnin Lyon domin aikin bishara a Afirka. Ya sauka a Freetown a 1859, bai kuma cika wata biyu ba zazzaɓin shawara ya kashe shi, tare da kusan duk abokan tafiyarsa. Duk da haka waɗanda ya bari a gida ba su fasa zuwa ba. A 1907 limaman wannan ƙungiya, ciki har da Fada Oswald Waller, suka isa Shendam da ke Jihar Filato ta yanzu, nan ne kuma aka kafa tashar Katolika ta farko a wannan sashe na Arewa. Daga baya 'yan ƙasar Ailan suka zo da yawa, wasu a ƙarƙashin SMA, wasu a ƙungiyar Waliyyi Patrick da aka kafa a 1932, wasu kuma 'yan Agustin da suka yi aiki a Adamawa da Borno. Sun gina makarantu da asibitoci da wuraren kula da kutare. Mutane da dama da suka riƙe manyan muƙamai a ƙasar nan, Kirista da Musulmi, a kan bencin makarantunsu suka koyi karatun boko.

A watan Yulin 1969 Fafaroma Paul na Shida ya ziyarci Kamfala ta ƙasar Yuganda, inda ya faɗa wa bishop-bishop na Afirka cewa lokaci ya yi da 'yan Afirka za su zama 'yan mishan ga junansu. Kadinal Dominic Ekandem, wanda shi ne ɗan Najeriya na farko da ya kai wannan matsayi, ya riƙe maganar hannu biyu, kuma a 1977 aka buɗe makarantar MSP a Iperu-Remo ta Jihar Ogun kafin a faɗaɗa zuwa Gwagwalada. A daidai wannan zamani ne kuma rijiyar da ke ba da ruwa a Turai ta fara ƙafewa. Kwalejin All Hallows ta birnin Dublin, wadda ta horar da dubban limamai ta aika da su sassan duniya, an rufe ta a 2016. Babbar makarantar limamai ta Maynooth, wadda a da take cike da ɗaruruwan ɗalibai, yanzu sababbin shiga a kowace shekara ba su taka kara sun karya ba. Ƙauyukan Ailan da suka aiko mana da 'ya'yansu, yau ɗan Inugu ko ɗan Kafanchan ne ke yi musu sujada, yana binne tsofaffinsu. Alheri danƙo ne, in ji Bahaushe, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Sai dai cike gurbin da babu mai cikewa ba shi kaɗai ne aikin mishan ba. Ra'ayina shi ne, duk limamin da aka tura wata ƙasa, ma'aunin da ya fi dacewa a auna shi da shi shi ne abin da ya yi da matasan wurin: ko ya san sunayensu, ko ya iya harshensu, ko ya bar wani abu a hannunsu da zai amfane su bayan tafiyarsa. Tsofaffi za su zo coci ko da wa ke kan bagadi, domin sun saba. Matashi kuwa sai an bi shi inda yake, kuma yana gane wanda ya zo dominsa da wanda ya zo domin kansa.

Cocin Katolika ba baƙuwa ba ce a wannan fage, tana da malami a cikin gida. Giovanni Bosco, wanda duniya ta sani da Don Bosco, an haife shi a 1815 a wani ƙauye na arewacin Italiya, mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 2, ya tashi cikin talauci yana aikin gona a gidan wasu. Da aka naɗa shi limami a 1841 ya tarar da birnin Turin cike da yaran ƙauye da suka shigo neman aiki a wuraren gini da masana'antu. Wani babban limami ya riƙa zuwa da shi gidajen yari, inda ya ga samari ƙanana jibge cikin ƙazanta, ba aikin yi, ba mai ziyara. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne, da yawansu suna fita sai su sake dawowa, saboda babu wanda ke jiransu a waje. Daga nan ya fara tara yaran titi ranar Lahadi, su yi wasa, su ci abinci, su yi addu'a, su koyi karatu. Maƙwabta suka yi ta korarsu daga wannan fili zuwa wancan saboda hayaniya, har sai a 1846 da ya sami wata rumfa a unguwar Valdocco. Mahaifiyarsa Margherita ta baro ƙauye ta zo ta zama uwar yaran, tana dafa musu abinci tana ɗinke musu tsumma.

Abin da ya bambanta Don Bosco da masu wa'azin zamaninsa shi ne ya gane cewa yaron da ba shi da sana'a, wa'azi ba ya daɗewa a kunnensa. Ya buɗe wurin koyon ɗinkin takalmi da na tufafi a 1853, daga baya ya ƙara da ɗinkin littafi da kafinta da ɗab'i da ƙira. Yaran da ya kai wurin masu sana'a a gari kuma bai sake su haka nan ba. Yakan zauna da maigidan su rubuta yarjejeniya, su sa hannu: shekara nawa yaron zai yi, nawa za a riƙa biyansa, ba za a doke shi ba, ba za a sa shi aikin gida maimakon sana'ar da ya zo koyo ba, za a bar shi ya huta ranar hutu. Wata irin wannan takarda ta shekarar 1852, wadda aka ƙulla da wani kafinta, tana nan a ajiye har yau. Duk wanda ya san halin da yaran gareji da na shagon walda suke ciki a garuruwanmu zai gane nauyin wannan takarda. Tsarin tarbiyyarsa ya ginu ne a kan hankali da addini da tausasawa, ya kuma dage cewa malami ya kasance a filin wasa tare da yara, ya riga ɓarna zuwa maimakon ya jira ta faru ya ɗauko bulala. A 1859 ya kafa ƙungiyar Salesiyawa, a 1875 ya tura tawagar farko zuwa Ajantina, ya rasu a 1888. Yau mabiyansa suna aiki a ƙasashe fiye da 130, sun kuma shigo Najeriya a 1982.

Ana ganin wannan gado a wuraren da duniya ta juya wa baya. Sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma da ke yankin Turkana a arewa maso yammacin Kenya an buɗe shi ne a 1992 domin dubban yaran da suka tsere wa yaƙin kudancin Sudan da ƙafa. Wuri ne mai zafi da ƙura, inda mutum kan shekara goma ko ashirin yana jiran takardar da ba ta zuwa. Salesiyawa suna zaune a wurin, suna koyar da walda da kafinta da aikin lantarki da kanikanci da ɗinki da kwamfuta, kuma ɗalibansu sun haɗa da 'yan Somaliya da 'yan Darfur waɗanda Musulmi ne. A Freetown, garin da ya ci Brésillac, akwai cibiyar Don Bosco Fambul da ke kwashe yara daga titi, tana nemo danginsu, tana kuma shiga gidan yarin Pademba Road. Lokacin annobar Ebola a 2014, sa'ad da dangi ke gudun yaran da iyayensu suka mutu, wannan cibiya ta buɗe musu ƙofa. Irin wannan aiki ba ya fitowa a talabijin sosai, amma shi ne ainihin abin da ake nufi da hidimar matasa.

Ya kamata kuma a faɗi gaskiya a kan tsadar wannan rayuwa, domin masu kallo daga nesa sukan ɗauka hutu ce. Limamin Katolika ba ya aure, ba shi da 'ya'yan da za su ɗebe masa kewa. Idan ɗan ƙungiya ne, ya yi alkawarin biyayya, wanda ke nufin wasiƙa ɗaya daga shugabansa ta isa ta raba shi da mutanen da ya shekara goma yana rayuwa da su. Iyayensa sukan rasu yana nesa. Dole ya koma ɗalibi da girmansa, yana tuntuɓe da harshen da yara ƙanana ke yi masa dariya a kai. Kadinal Lavigerie, wanda ya kafa ƙungiyar da ake kira Fararen Limamai a Aljeriya a 1868, ya wajabta wa mutanensa su koyi harshen mutanen da suka je wa, su ci abincinsu, su sa irin tufafinsu, shi ya sa suka riƙa yawo da farar jallabiya da alkyabba irin ta Larabawan Magrib. Daniele Comboni, wanda ya tsara a 1864 cewa da hannun 'yan Afirka za a ceto Afirka, ya binne abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya a Sudan kafin shi ma ya rasu a Khartum a watan Oktoban 1881 yana da shekara 50.

Haɗarin bai ƙare da zamanin zazzaɓin shawara ba. A daren 17 ga Satumban 2018 'yan bindiga suka shiga ƙauyen Bomoanga na Jamhuriyar Nijar, kusa da iyakar Burkina Faso, suka tafi da Fada Pier Luigi Maccalli, ɗan Italiya kuma ɗan SMA, wanda ya shekara fiye da goma yana zaune cikin Gurmawa. Ya yi shekara biyu a hannunsu a cikin Sahara kafin a sake shi a Mali a watan Oktoban 2020, tare da marigayi Soumaïla Cissé, jagoran adawar ƙasar. Sista Gloria Cecilia Narváez, 'yar Kolombiya, an sace ta a kudancin Mali a 2017, ba ta sami kanta ba sai a 2021. Waɗannan mutane suna da fasfo da zai iya mayar da su gida a kowace rana tun kafin abin ya faru. Zaman da suka yi shi ne wa'azinsu mafi ƙarfi. Shi kansa Fafaroma Leo na 14, wanda aka zaɓa ranar 8 ga Mayun 2025, haifaffen Chicago ne da ya tafi Peru a 1985 yana matashin limami, ya shekara kusan ashirin a can a zama daban-daban, har ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa. 'Yan Peru suna kiransa nasu, kuma zama ne ya saya masa wannan.

To, a nan ne damuwata take game da namu. Babu laifi ɗan Najeriya ya yi hidima a Texas ko a Munich, domin can ma akwai rayuka. Amma idan aka tarar layin masu son tafiya Amurka ya kai bakin titi, na masu son tafiya Cadi kuwa babu kowa, to akwai tambayar da ya kamata shugabannin coci su yi wa kansu. Sanin kowa ne cewa guguwar ficewa daga ƙasa da ta kwashe likitoci da malaman jinya ba ta tsaya a ƙofar coci ba. Limami mutum ne, yana da ƙanne da ke jiran kuɗin makaranta, yana da uwa mai ciwon suga, kuma abin da ake ba shi a wata guda a Jamus ya ninka abin da zai gani a ƙauyen Taraba sau da yawa. Wasu dayosis-dayosis ma sun dogara da kason da limamansu na waje ke aikowa. Fadar Batikan ta hango wannan tun tuni. A 1957 Fafaroma Pius na 12 ya fitar da wasiƙar Fidei Donum, yana roƙon bishop-bishop na Turai su ba Afirka aron limamai na wani ƙayyadadden lokaci. A 2001 kuma ofishin da ke kula da ƙasashen mishan ya fitar da umarni a kan akasin haka, yana gargaɗi game da limaman ƙasashe matalauta da ke tafiya karatu Turai da Amurka su ƙi dawowa, ya kuma ce a riƙa rubuta yarjejeniya tsakanin bishop mai aikawa da mai karɓa, da wa'adin komawa. Shekaru fiye da ashirin bayan nan, gargaɗin bai tsufa ba.

Akwai kuma batun shiri. Wani limami da na sani, wanda aka tura wani ƙaramin gari a Turai, ya ba ni labarin makonsa na farko. Ya baro cocin da matasa ke cika ta har waje, ƙungiyar mawaƙa kaɗai ta fi mutum ɗari, ya je ya tarar da tsofaffi 'yan ƙalilan a cikin ginin da zai ɗauki dubu. Ya sanar da taron matasa, ya jera kujeru, ya zauna shi kaɗai har dare. Sai da ya shekara guda kafin ya gane cewa matasan garin ba su yi fushi da coci ba, ba su ma san ta ba, iyayensu ne suka bar ta tun kafin a haife su. A gida ana rusuna wa Fada, ana karɓar masa jaka, maganarsa yanke ce. A can yarinya 'yar shekara 15 za ta dube shi ido cikin ido ta tambaye shi dalilin da zai sa ta yarda da abin da yake faɗa, kuma tana jiran amsa ta hankali. Wanda aka horar da shi ya ba da umarni kawai, zai ɗauki wannan rashin kunya. Wanda aka horar da shi ya saurara, zai ga ƙofa ce ta buɗe. Abokin nawa a ƙarshe a filin ƙwallo da wurin rabon abinci ga marasa gida ya sami matasansa, wato inda Don Bosco zai neme su da yana raye.

Akwai wasu matasan da suka fi buƙatar limamin Najeriya a waje fiye da kowa, su ne 'ya'yan 'yan Afirka da aka haifa a Landan ko Dublin ko Houston. A gida iyaye suna yi musu tarbiyya irin ta Najeriya, a makaranta ana koya musu wata daban, a titi kuma launin fatarsu na jawo musu tambayar inda suka fito. Akwai kuma samarin da suka ƙetare Sahara da Bahar Rum suka sauka a Sisili ba uwa ba uba, da 'yan matan da masu fataucin mutane suka yaudara suka jefa su a titunan Italiya. Limamin da ya san ƙauyen da suka fito, ya ji harshensu, ya kuma san dokar ƙasar da suke ciki, zai iya yi musu abin da Bature mai kyakkyawar niyya ba zai iya ba. Idan aka tura shi ya ƙare a ofis yana lissafin kuɗin baiko, an yi asarar wannan dama.

Ba zai yiwu a yi maganar matasa da Cocin Katolika a Turai a tsallake tabon da ke jikinta ba. A 2009 rahoton Ryan ya fallasa irin duka da lalata da aka yi wa yara shekara da shekaru a makarantun horo da gidajen marayu da ƙungiyoyin coci ke gudanarwa a Ailan, rahoton Murphy kuma ya nuna yadda shugabannin coci a Dublin suka riƙa rufa wa masu laifi asiri. A watan Yulin 2022 marigayi Fafaroma Francis ya je Kanada ya nemi gafarar 'yan asalin ƙasar saboda makarantun kwana da aka raba yara da iyayensu da harshensu. Wannan na cikin dalilan da suka sa kujerun cocin Ailan suka zama wayam. Saboda haka limamin da ya je can zai tarar da dokoki masu tsauri: a binciki tarihinsa wurin 'yan sanda, kada ya keɓe da yaro shi kaɗai, kada ya ɗauki yaro a mota ba tare da wani babba ba, duk wani zargi a kai shi ga hukuma. Wasu namu sukan ji haushin wannan, su ɗauka don baƙar fata ne ake yi musu. Ni kuwa ina ganin wannan na cikin mafi alherin abin da za su koyo su kawo mana gida, inda har yanzu kunya da girmama malamin addini, a coci ne ko a wani wuri, ke sa a binne kukan yaro.

Na san akwai mai karatu, musamman Musulmi, da zai ce duk wannan makaranta da koyon sana'a tarko ne, an sa wa ƙugiya tsutsa ne domin a kama kifi. Zargin yana da tushe a tarihi, domin an yi zamanin da wasu 'yan mishan suka tafi kafaɗa da kafaɗa da 'yan mulkin mallaka, aka kuma yi wuraren da sai yaro ya karɓi sabon suna kafin ya sami gurbin karatu. Kuma babu ɗan mishan na gaskiya da zai musa cewa yana fatan mutane su karɓi abin da ya yi imani da shi, kamar yadda mai da'awa ma yake fata. Abin dubawa shi ne ko an ɗaura sharaɗi a kan taimakon. Fafaroma Benedict na 16 ya rubuta a wasiƙarsa ta farko a 2005 cewa bai halatta a mai da aikin jinƙai hanyar jan mutane zuwa addini ba. Kwalejin Comboni da aka buɗe a Khartum a 1929 ta yaye ɗimbin 'ya'yan Musulmin Sudan waɗanda suka shiga da addininsu suka fita da shi. Wannan shi ne mizanin da ya kamata a riƙe kowane ɗan mishan da shi, kuma wanda ya saɓa, iyaye da hukuma suna da haƙƙin su taka masa burki.

Wani kuma, daga cikin Katolika, zai ce gida bai ƙoshi ba, me ya sa ake kai wa dawa? Akwai ƙauyuka a Neja da Kebbi da Kudancin Borno da ba sa ganin Fada sai bayan makonni, akwai sansanonin 'yan gudun hijira a Binuwai cike da yaran da ba sa zuwa makaranta, ga limamai da ɗaliban limanci da masu garkuwa ke ɗauka, kamar Michael Nnadi da aka sace daga makarantar limamai ta Kaduna aka kashe a farkon 2020 yana ɗan shekara 18. Maganar tana da nauyi. Amsar da zan bayar ita ce, Ailan ɗin da ta aiko mana da 'ya'yanta a wancan zamani ita ma matalauciya ce, mutanenta na ta ƙaura neman abinci, amma ba ta jira ta wadata ba kafin ta bayar. Wanda ya ce sai ya ƙoshi zai yi kyauta, ba zai taɓa yi ba. Abin da ba zai karɓu ba shi ne a kwashe mafi ilimi da ƙwazo a aika inda ake biyan dala, a bar wa ƙauye wanda ba shi da hanya.

Don haka ina kira ga Majalisar Bishop-bishop ɗin Katolika ta Najeriya da shugabannin ƙungiyoyin mishan da su yi wa wannan fita tsari bayyananne. Kada a tura kowa sai ya yi wasu shekaru yana aiki da matasa a gida, a makaranta ko gidan yari ko sansanin 'yan gudun hijira, an kuma ga kamun ludayinsa. A ba shi lokaci isasshe na koyon harshe da al'adar inda zai je kafin a ɗora masa coci. Kowace tafiya ta kasance da wa'adi a rubuce, kuma a riƙa cika shi. A daidaita rabo, ta yadda wanda ya yi shekaru a Amurka zai san cewa zangonsa na gaba yana iya zama Sudan ta Kudu. A makarantun limamai kuma a ƙara wa falsafa da tauhidi wani abu na hannu, ko lissafin gudanar da makarantar sana'a ne, ko ilimin ba da shawara ga wanda ya faɗa shaye-shaye. Kuɗin da ke shigowa daga waje a bayyana wa jama'a adadinsa, a ware kaso mai tsoka domin wuraren koyon sana'a a dayosis ɗin da ta yi rashin limaminta. A kuma tuna da sistoci da matasa 'yan sa-kai waɗanda ba limamai ba, domin a wurare da yawa su ne ke ɗauke da nauyin makarantu da asibitoci, amma ba a cika jin sunansu ba.

A 2027 matasan Katolika na duniya za su hallara a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, kamar yadda suka yi a Lisbon a 2023, za a yi waƙe-waƙe a ɗaga tutoci, kuma tabbas za a ga kore da fari a cikinsu. Taro irin wannan yana da daɗi, amma mako guda ne. Sauran makonnin shekara suna hannun limamin da ke buɗe ƙofar shagon walda a Kakuma da sassafe, da wanda ke zaune a bakin filin ƙwallo a wani gari mai sanyi yana jiran yaran da ba su san sunansa ba tukuna. Idan ɗan Najeriya ya dawo gida bayan shekara goma a waje, mutanen garinsu za su tambaye shi motar da ya zo da ita. Bishop ɗinsa ya kamata ya tambaye shi yara nawa ya bari da sana'a a hannu, kuma mutum nawa daga cikinsu ya shirya su riƙe aikin bayan tafiyarsa.